Shekarar da Malam Ya Yi Hutu

Bana ruwa ya sauka sau ɗaya a farkon damina, ya jiƙa ƙasa har mutane suka fita da iri, daga nan sama ta yi shiru. Zafi ya dawo sabo. Tun da hantsi kwanon ɗakina yake fara ƙara, sai in fito da tabarma gindin dalbejiyar tsakar gida ina fifita, ina jin maƙwabta suna ta labarin hadarin da ya haɗu jiya a gabas ya watse.

A cikin wannan zafin ne ɗana Nasiru ya tsiri zuwa gaishe ni da safe a ranakun aiki. Mutumin da a da sai Lahadi nake ganinsa, shi ma a tsaitsaye, waya a kunne. Yanzu sai ya shigo da kaya a goge, ya zauna bakin tabarma, ya tambaye ni gwiwa, ya tambaye ni hawan jini, ya sake komawa kan gwiwa. In an kawo masa koko ya ɗan kurɓa ya ture. Ya haura arba'in, yana da mata da yara, yana aiki a ofishin wani kamfanin sufuri a nan Funtuwa. Ban tambaye shi komai ba. Takalmansa kawai na duba, na ga an shafa musu mai amma gefensu duk ƙurar tafiyar ƙasa ce, alhali motar ofis ce ta saba kai shi ko'ina. Na san irin wannan zama. Na taɓa zama da mai irinsa, lokacin shi Nasirun yana goye a bayana.

A waccan shekarar azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, yana aikin sikeli a wani kamfanin gurzar auduga, shi ke auna abin da manoma suka kawo. Ya daɗe a wurin har furfura ta fara fito masa a gemu. Ana gab da ganin wata sai ga shi ya dawo gida da hantsi, yana tura keke maimakon ya hau. Ya jingine shi ya kira ni ɗaki. Ya ce auduga ta ja baya, an rage ma'aikata, kuma yana cikin waɗanda aka sallama. Ban gama salati ba ya ɗaga mini hannu.

"Binta, maganar nan daga ni sai ke. Kada yara su ji, kada maƙwabta su ji. Mutanen Ƙarfi kuwa, ko a mafarki."

"Haba Malam, sallama daga aiki sata ce da za a ɓoye?"

"Na dai gaya miki. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Ƙarfi ne garinsu, kuma a can shi ne na Funtuwa mai albashi, wanda kowane azumi yake aika sukari da shinkafa, wanda in an yi haihuwa ko rashi ake duban hanya a ga zuwansa. Malam mutumin kirki ne, sai dai kunyarsa ta wuce misali. Mutum ne da in gishiri ya yi yawa a miya zai shanye ya yi miki sannu da aiki, ya kwana yana shan ruwa.

Haka muka shiga azumi. Kullum da safe ya goge keke ya fita kamar mai zuwa aiki. Ya leƙa masaƙa, ya leƙa wajen masu matsar mai, ya leƙa wajen dillalan hatsi, ko'ina a ce masa ya dawo bayan Sallah. Sauran yinin a shagon wani tela abokinsa yake ƙarar da shi, sai la'asar ya shigo yana share gumi, yaran su ruga su yi masa sannu da aiki, shi kuma ya amsa.

Ni kuwa tawa ta cikin gida ce. Rijiyar gidan hayarmu ta ja baya, sai an zura guga an jira ruwa ya tsatso, ya fito ja da laka. Bayan sahur ba na komawa barci, ruwa nake ja kafin sauran matan gidan su tashi, in zuba a randa ya kwanta. Da azahar iska takan tsaya cak. Yara su kwanta a kan siminti in lulluɓa musu jiƙaƙƙen zani, kafin in juya ya bushe. Buhun dawarmu yana lungun ɗaki, kullum in na zura kwano sai in ji hannuna ya ƙara nitsewa. Na fara ragi a hankali. Kunu ya yi ruwa, ƙosai ya ɓace daga buɗa-baki, nama muka yi sallama da shi. Da yaran suka dame ni da tambaya na ce likita ne ya hana babansu mai, mu kuma muna taya shi. Na riƙa karɓar surfe daga maƙwabta da azumi a bakina, ana bar mini dusa da ɗan tsaki, ina cewa motsa jiki nake so. Ban sani ba ko akwai wadda ta yarda.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: Malam yana da gona. Gonar gado ce a Ƙarfi, babba, da ƙatuwar ɗorawa a tsakiyarta. Tun da ya kama aiki ya ba Yaya Sule aronta. Yaya Sule ɗan wan babansa ne, ya girme shi, tare aka raine su a gida ɗaya. Na sa Malam gaba da magana, safe da yamma, ya je ya karɓi gonarsa kafin ruwa ya sauka. Ya yi ta kewaye-kewaye. Da ya ga ba zan bar shi ya sha kunu cikin kwanciyar hankali ba, wata safiya ya hau motar Malumfashi ya tafi.

Da yamma ya dawo da ƙullin kuka da daddawa, tsarabar Yaya Hansai matar Yaya Sule. Na dubi fuskarsa na san babu gona a cikin ƙullin.

"Yaya aka yi, Malam?"

"An zuba taki."

"Duka?"

"Tun daga bakin hanya har kwari, tsibi-tsibi. Tun rani jakunansa ke jigila da mangala."

Na san abin da hakan yake nufi. A wajenmu gonar aro da kaka ake karɓarta, bayan an kwashe amfani, kafin mai aro ya wahala a kanta. In ya riga ya zuba taki, to, daminar tasa ce. Ba alƙali ne ya yanke ba, amma wanda ya karya wannan, har jikokinsa sai an yi musu gori.

"To me ka ce masa ya kawo ka ranar aiki?"

"Na ce hutu aka ba mu."

"Hutu!"

"Yo me zan ce? Mutum ya shimfiɗa mini buzu, yana nuna mini takinsa yana murna."

Ranar na ji haushin Malam, na ji haushin Yaya Sule, har jakunan sai da na ji haushinsu. Na shiga madafa na huce a kan turmi.

Ruwan farko ya sauka ana cikin goman ƙarshe, da la'asar sakaliya. Iska ta fara kwasar kwanuka, sannan aka sake shi. Ƙanshin ƙasa ya cika gida, yara suka fita tsirara suna tsalle, mu mata muka jera bokitai da tukwane a bakin indararo. Washegari duk Funtuwa ta fita, ko'ina ka duba mutum ne da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri. Malam ya goge kekensa ya tafi shagon tela. Bayan Sallah aka sake yin wani ruwan mai ƙarfi, gonakin bayan gari suka yi kore, mu ba mu da ko rami ɗaya a ƙasa.

A nan ne ya zo mini da shawarar da ta tsinka mini zuciya. Wani mai fataucin shanu ya ce zai sama masa gadi a Ikko. Motarsu za ta tashi ranar kasuwa mai zuwa. Ni kuma in kwashi yara in koma gidanmu a Danja, a saki ɗakin haya, sai abin da hali ya yi.

"Malam, wa ka taɓa gani ya tafi ci-rani da damina? Kai da gonarka?"

"Bana ba ni da gona, Binta."

"Ka bar ni in yi wa Yaya Hansai magana."

"Kin yi mini alkawari."

Na rasa inda zan sa kaina. In na yi magana na ci amanar mijina, kuma na san Malam, zai iya yafe yunwa amma ba zai manta tonon asiri ba. In na yi shiru gidana ya watse, mutum mai furfura ya je ya kwana a bakin ƙofar wani a garin da bai san kowa ba, ni kuma in koma gaban tsohuwata da yara biyar. Ina surfe ina kuka, ina goge ido da gefen zani kada a gani.

Ana cikin haka aka aiko cewa 'yar Yaya Sule ta haihu. Rashin zuwa suna zai jawo tambaya, don haka Malam ya ce in je, ya kuma tuna mini alkawari har bakin ƙofa. Na goya Nasiru, na ɗauki sabulu da 'yar rigar da na ɗinka daga wani zanena, na hau mota.

Daga inda mota ke sauke mutum, hanyar ƙafa ta bi ta gefen gonar. Na so in kau da kai amma ido ya ƙi. Daga ɗorawa zuwa gabas dawa ta fito layi-layi, ta kai tsawon tafin hannu. Daga ɗorawa zuwa yamma kuwa, wajen kwari inda ƙasar ta fi kyau, an baje taki amma ba a sara ko rami ɗaya ba. Ciyawa ce kawai ta samu abin da take so. Na tsaya na riƙe haɓa. Wato ga mu can muna shan kunu kamar ruwan wanke kwano, shi kuma ya riƙe gonar da ba zai iya shukewa ba. Da wannan fushin na shiga gidan suna, ina murmushi ina barka.

Sai bayan azahar na samu Yaya Hansai ita kaɗai a madafa tana tuƙa tuwon baƙi. Na karɓi muciya, na tuƙa, na tuƙa, sannan na ce, kamar ba komai:

"Yaya, na ga gonar ɗorawa rabi ba shuka. Iri ne ya ƙare?"

Ta nuna mini sama da baki. Ga zangarniyar dawa kaura nan a rataye a saman murhu, hayaƙi ya turare ta.

"Iri ga shi nan. Mai gona ake jira."

Muciya ta tsaya a hannuna. Ta leƙa waje, ta jawo kujera kusa da ni ta rage murya.

"Ke Amarya," haka take kirana har na tsufa, "kina tsammani akwai wanda bai sani ba a garin nan? Direbobin da ke ɗaukar auduga tun kafin azumi suka kawo labari. Ranar da mijinki ya zo, Malam Sule ya shimfiɗa mai buzu, ya kai shi gona ya nuna mai taki, don ya gane an gyara mai wuri. Yana jira ya buɗe baki, sai ya ce wai hutu aka ba su."

"To shi Yaya me ya hana shi magana?"

"Na tambaye shi. Ya ce, ƙanena ya dube ni ya ce hutu yake, ni ne zan ce mai ƙarya yake yi? Ya shuka rabi ya bar mai mai kyan. Kullum da safe sai ya je bakin titi ya tsaya wai yana duba hadari. Ni kuma ya ce in na kuskura na aika Funtuwa, a bakin aurena."

"Shi kuwa can ya ga taki ya ce an riga shi. Jibi zai bi motar shanu zuwa Ikko."

"Ikko? La'ilaha illallahu! Da gonar tasa a kwance?"

Muka dubi juna. Ban san wadda ta fara ba, dariya ce ta kama mu har na zauna a ƙasa, hawaye na zuba, Nasiru ya farka a bayana ya taya mu da kuka. Wani nauyi da na yi wata da watanni ina ɗauke da shi na ji ya sauka daga ƙirjina. Tuwon dai ya kama a ƙasa, baƙi suka ci da ƙauri.

Da muka natsu Yaya Hansai ta ce, "Ni dai ban gaya maki komai ba."

"Ni ma ban gaya miki ba."

"To yanzu ya za mu yi da waɗannan manyan yara?"

A nan bakin murhu muka ƙulla ta. Ta sauko da zangarniyar ta naɗe mini a tsumma. Da na isa gida na ajiye ta gaban Malam na ce, "Yaya Sule yana gaishe ka. Rabin gona ya fi ƙarfinsa bana, ga ciyawa tana neman cinyewa. Tunda hutu kake, ko za ka je ka kama masa?" Ita kuma can ta ce wa mijinta, ƙanenka ya ce tunda hutu yake, zai zo ya taya ka shuka. Malam ya daɗe yana juya zangarniyar a hannu. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ƙara ba. Can ya ce, "Ai bai kamata a bar Yaya da wahala shi kaɗai ba." Motar shanu ta tafi Ikko ba da shi ba.

Mun makara, wannan ba a musu. Sai da aka nome ciyawa tukuna, aka jira ruwa na gaba, sannan aka yi shuka. Yaya Sule yana gaba da sungumi yana sara, Malam yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. Muka saki ɗakin haya muka koma Ƙarfi gaba ɗaya, aka ba mu ɗakin tsohuwar Malam. Hannun da ya saba da biro da sikeli ya yi bororo ya fashe a noman firi, ina gasa masa da ruwan ɗumi ina shafa man kaɗe, yana cewa ba zafi alhali yana cije leɓe. Kafin maimai hannun ya yi kanta, ya daina sa hula mai kyau, ya fara cin tuwo kamar manomi.

Ba a ce an daina jin yunwa ba. Da marka ta kama, aka yi kwanaki ba a ga rana ba, itace ya jiƙe, rumbun Yaya Sule ma ya yi ƙasa. Tukunya ɗaya muka koma yi ni da Yaya Hansai. Mu fita bayan gida mu tsinko tafasa da rama, a dafa a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli, kowa ya ci ya sha ruwa. Ɗaki yana yoyo, mun jera kwanuka a kan gado, tufafi duk warin danshi. Amma yunwar ta bambanta da ta Funtuwa, don wannan ba a ɓoye take ba, kuma in ka leƙa ta katanga kana ganin dawa tana tashi. Ranar da aka fara karyo masara aka gasa, yarana suka ci har da toka a baki, ni kuwa na ci ina hamdala.

Allah ya ja damina a shekarar, ruwa bai ɗauke da wuri ba, kaurar da aka shuka a makare ta nuna. Da aka yi girbi, Yaya Sule ya sa aka kai dammunan yammacin gonar wani rumbu dabam da ya yaɓe a bayan ɗakinmu. Ba wanda ya ce na wane ne. Ina tsaye da ƙwaryar fura na kawo musu, su biyu suna zaune a inuwar rumbun, sai na ji Yaya Sule ya yi gyaran murya.

"Hutun nan naka, da saura?"

Malam ya dubi ƙasa. "Da saura, Yaya."

"To madalla. Baɗi sai ka haɗa da na gabas, ni gwiwa ta fara ba ni labari."

Iyakar abin da suka taɓa faɗa ke nan a kan maganar, har ƙasa ta rufe idon kowannensu. Malam ya yi shekaru yana noma kafin mu dawo Funtuwa ya buɗe rumfar hatsi, kuma ko a lokacin in aka tambaye shi aikin kamfani, cewa yake ya huta.

Yanzu gonar tana hannun Lawal ɗan Yaya Sule, aro kamar na da. Jakuna sun tafi, tarakta ke kaftu, taki a buhu yake zuwa, ciyawa feshi ake mata. Ni kuma na tsufa, ba ni da ƙarfin jiran maza su gama kunyarsu. Shekaranjiya na ɗauki waya na kira Lawal na tambaye shi gona. Ya ce ya shuke ta duka da masara a ruwan farko, ta kwari ta jure, amma farin nan ya ƙone ta gabas, ko ta yaya sai an sake. Na ce to, akwai mai hannu a sake a nan. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Inna, ai na ji a tasha. Ya zo kawai. Waken suya bai makara ba, kuma takin yana nan a ƙasa."

Yau da safe Nasiru ya shigo da kayansa a goge. Ya zauna, ya fara da gwiwa. Na bar shi ya gama.

"Nasiru, hutu aka ba ku ne?"

Ya ɗago da sauri. "E, Inna. Ɗan hutu ne."

"To madalla. Lawal yana neman mai kama masa gabashin ɗorawa. Da ruwa ya dawo za a sake shuka."

Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, na ce a raina ga Malam nan ya dawo. Ashe ban gama sanin ɗana ba. Ya share fuska da tafin hannu, ya saki wani dogon numfashi.

"Inna, ba hutu ba ne. Sallamata aka yi, tun watan jiya. Ko Maryam ban gaya wa ba."

"Matarka ta sani. Ita ma jira take ka buɗe baki."

"Ta gaya miki?"

"Ba ta gaya mini komai ba. Kai dai in ka koma ka faɗa mata da bakinka."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya sunkuya ya kwance takalman nan, ya ajiye su gefe, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ya ce in da sauran koko a ƙaro masa.